Ganin da Inna Take Ajiye Maka

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai tarin yawa daga yayarka, da fatan takardar nan za ta same ka tsaye da ƙafafunka, jiki lafiya, hankali a kwance. Allah Ya tsare min kai daga sanyin nan da kake ba mu labari, Ya raba ka da sharrin mutum da na ciwo, Ya buɗe maka ƙofar da ka fi buƙata. Mu nan sai godiya, sai kuma kewarka da ta zama 'yar gida, da ita muke kwana da ita muke tashi.

Na san kana buɗe ambulan ɗin nan za ka yi dariya, ka ce me ya sami Yaya ta koma biro da takarda alhali ga waya a hannunta. To dalilin kai ne. A waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Da na ɗauko zance sai ka jefo min kashi kaza cikin ɗari, in tsaya baki buɗe, kafin in tuna abin da nake son faɗa katina ya ƙare. Ba banza Kawu yake kiranka Malam Lissafi tun kana firamare ba. A takarda kuwa dole ka yi shiru ka ji ni har in ajiye biro, don haka ka nemi wuri ka zauna.

Bari in fara da labarin gida. Baban yara yana nan ƙalau, sai dai kamfanin motocin da ya sallame su har yau bai waiwaye su ba. Kullum da safe sai ya goge takalminsa ya tafi bakin garejin, su zauna a benci shi da sauran direbobi su yi ta gyara duniya da baki, in rana ta yi tsaka ya dawo ya ce min gobe akwai labari. Yaran suna makaranta. Ƙaramar da ka bari tana rarrafe, wadda ka laƙaba wa Barkono, yanzu ita take karanta min lambar awo a shago, kuma sunan bai tashi a banza ba, bakinta ya fi na kowa zafi a gidan nan. Ɗinkin kayan makaranta yana tafiya in an kawo wuta, in an ɗauke kuma in koma keken ƙafa, gwiwata tana ƙara keken yana ƙara. Kawu yana shagonsa na gyaran fanka, amma hannunsa ya fara rawa, wayar tagullar da a da yake naɗawa yana hira yanzu sai ya naɗa ya warware ya sake naɗawa. Ba ya yarda a faɗa, wai wayar yanzu ce ba ta da kyau. An kuma gyara yoyon ɗakinka, na shanya katifarka, akwatinka yana inda ka bar shi.

Saƙonka na ƙarshe na karanta shi har na kusa haddacewa, wanda ka jero min ƙasashe kamar sakamakon jarrabawa. Ka ce a inda kake marasa aiki kashi shida ne cikin ɗari, a wajenmu an ce biyar amma ba ka yarda ba, a inda ɗan Gwaggo yake kuma abin ya haura talatin. Ka ce tun da masana'antar gilashin da kake yi wa aiki ta rufe, gwamnatin can take ba ka abin hannu duk wata, ta rage maka nauyin haya, in ka yi ciwo ka ga likita, alhali a nan wanda ya rasa aiki sai dai a ce masa Allah Ya kawo wani. Ka rufe da cewa in dai lissafi za a bi, zaman jira a can ya fi aiki a nan. Kuma ka tuna min da sharaɗinsu: dole ka riƙa kai kanka ofishinsu suna ganin fuskarka, kana nuna musu inda ka nema aka hana ka, in kuwa ka ƙetare iyaka ba da izini ba, sai su yanke komai har ɗakin da kake kwana.

Ban ƙaryata ka ba, Auta, kuma ban taɓa kiranka malalaci ba ko a zuciyata. Guminka ne da suka riƙa cira shekara da shekaru suke mayar maka, ba sadaka ba ce. Na ma buga wa ɗan Gwaggo waya na karanta masa jerin naka. Ya yi ta dariya, ya ce a wajensu kowa rububin zuwa yake a rubuta shi a marasa aiki, har mai shago da mai tasi, don da takardar ake samun katin hatsi da aikin share titi, shi ya sa lambarsu ta yi ƙiba. Ya ce in gaya maka ƙasar da take ba da wani abu ita mutane suke gaya wa ciwonsu, wadda ba ta ba da komai kuma wa zai ɓata bakinsa. Na ajiye maka wannan ka sa a lissafinka. Amma ba don mu yi gardamar lamba na ɗauki biro ba, maganar idon Inna ce.

Ka san tana ɗiga magani, kai ma kana aiko da shi in ka samu hali. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da likita ya faɗa a zuwanmu na watan jiya. Ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire a huta, jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma ganin yana tsukewa daga gefe zuwa tsakiya, yanzu kamar mai leƙe ta kafar makulli take ganin duniya. Na bi shi waje na ce ya gaya min gaskiya, ya ce ba zai yanke wa Allah hukunci ba, amma in akwai wanda take son gani kada a ce sai baɗi. A gabanta kuwa abin da ya ce kawai shi ne abin da ya rage kaɗan ne, a lallaɓa shi. Wannan kalmar ita ta jawo mana abin da muke ciki.

Ka san Inna. Matar da ta raine mu bayan rasuwar Baba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wadda take kifa kwalbar mai a kan murfi ta kwana don ta tsiyaye ɗigon ƙarshe, wadda take haɗa guntayen sabulu su zama ɗaya. In ka ce mata abu ya rage kaɗan, hanya ɗaya ta sani, a daina taɓa shi sai ranar buƙata. Muna dawowa gida ta zauna a kujerarta ta bakin ƙofar falo ta rufe ido, na ɗauka gajiya ce. Washegari ma haka, jibi ma haka. Da na tambaye ta ko ciwo yake mata, sai ta ce a'a, ajiya take yi. Ta ce ta gan ni ta ƙoshi, ta ga bangon gidan nan ta ƙoshi, ɗan abin da ya rage ba za ta ɓarnatar da shi a kan tukunya da tsintsiya ba, na Auta ne.

Tun daga ranar, ban da lokacin da nake ɗiga mata magani, idon nan a rufe yake, shi ma sama take kallo ta yi maza ta mayar. Ta koyi gidan da hannu. Ta san inda bango ya yi ƙuraje kusa da banɗaki, ta san tayil ɗin da ya fashe a bakin kicin, tana tafiya tana shafawa ba ta yarda a riƙe ta. Barkono ta zo da zanen da ta ci kyauta da shi a makaranta, ta yi ta magiya a duba, Inna ta shafa takardar da tafin hannu ta ce ma sha Allah ya yi kyau, yarinyar ta koma bayan ƙofa ta yi kukanta. Kawu ya zo ya yi mata faɗa irin na wa da ƙanwa, ya ce ido ba batir ba ne, ta ce ya ji da fankokinsa. Na mayar da ita wajen likita don ta ji daga bakinsa. Ya fara da dariya, da ya ga da gaske take sai dariyar ta tsaya, ya yi mata bayani a hankali cewa ko a buɗe ko a rufe tafiyar ɗaya ce, gara ma ta more abin da take da shi. Ta saurare shi tsaf, ta yi masa godiya da addu'a, muna fita ta ce min yaron kirki ne amma bai taɓa riƙe gida a ƙarshen wata ba.

Za ka ce ai ga waya, a nuna mata kai a ciki. Mun gwada tun kafin haka, ka manta? Ta ce hasken yana sukar ta, kuma kai ɗin da ke ciki bai fi kwalin ashana ba, ita ba haka ta haife ka ba. Balle ma tun da masana'antar ta rufe ba ka ƙara kunna hoton ba, kullum sabis ne ba kyau. Ni na goya ka, Auta, na san ba sabis ba ne.

To ana cikin haka ne masu ƙidayar marasa aiki suka zo unguwarmu, kuma wannan shi ne labarin da nake so ka ji da kunnen basira, tunda kai ne mai son sanin inda lamba take fitowa. Ranar ba wuta, ban fita shago ba, ina tsakar gida ina yanka yadi a kan tabarma. Baban yara bai riga ya fita ba, Kawu kuma ya biyo ya sha shayi. Sai muka ji sallama daga bakin ƙofa. Wallahi ni kaina almakashin sai da ya faɗi daga hannuna, don muryar taka ce sak, har da ɗan jan nan da kake yi a ƙarshe kamar mai jin barci. Kafin in juya Inna ta miƙe tsaye, matar da sai ta dafa gwiwa take tashi. Ta buɗe ido ta kira sunanka.

Wani mutum ne sa'anka, siriri, da riga mai tambarin ofis da wata faffaɗar waya a hannu. Ya tsaya cak a bakin ƙofa bai san abin da ya taka ba. Inna ta ƙura masa ido, tana juya kai a hankali don ta tattaro shi ta 'yar kafar da ta rage mata, ta ga goshi, ta sauko ta ga hanci, ta ga haɓa. Ta daɗe tana nema. Sannan ta mayar da idon ta rufe, ta laluba kujerarta ta zauna, ta ce, "Ɗan nan, ka ci min gani a banza." Bawan Allah ya durƙusa yana ta ba da haƙuri, bai ma san laifin da ya yi ba.

Da abin ya lafa na shimfiɗa masa tabarma ya fara tambayoyinsa. Ya tambayi Baban yara ko ya yi wani aiki a makon da ya wuce wanda aka ba shi wani abu, ko da na awa ɗaya ne. Ya ce ina fa, rabonsa da aiki tun da aka sallame su. Mutumin ya ce ya dai tuna. Can sai Baban yara ya ce to, in ban da kujerun da ya kai wa maƙwabcinmu ɗakin taro a motar aro, aka ba shi na sabulu. Mutumin ya danna wayarsa ya ce shi ke nan, yana cikin masu aiki. Baban yara ya cire hula ya ce ashe gwamnati ta ɗauke shi aiki ba a gaya masa ba, to yaushe zai tafi hutun shekara. Kawu ya ce shi makon nan fanka ko ɗaya ba a kawo masa ba, aka ce tunda ya buɗe shago ya zauna, mai aiki ne. Ni dama ba a magana. Na tambaye shi sauran direbobin bencin fa, waɗanda suka gaji da nema suka daina? Ya ce wanda ya daina nema ba ya cikin marasa aiki, ba ya kuma cikin masu aiki, gefe ake ajiye shi. Kafin shayin Kawu ya huce an gama maganar aikinmu, gidan da muke haɗa wannan da wancan kafin a ɗora tukunya ya fito ba shi da marar aiki ko ɗaya. Ka ga inda biyar ɗinku ta fito.

Sai ya zo kan mutanen gida, ya ce a faɗa masa duk wanda yake kwana a nan. Ina lissafawa, na kai ƙarshe, sai Inna daga kujerarta ta ce saura Auta. Ya tambaya yana ina, ta ce ya yi tafiya. Ya ce tun yaushe, na faɗa masa shekarun, ya ɗan sosa ƙeya ya ce ai Mama wannan ba zai shiga ba, ƙasar da yake ita take ƙirga shi. Ta ce ga ɗakinsa can, ga katifarsa an shanya, ga akwatinsa, wane irin ba zai shiga ba? Ya ce to yana da aiki a can? Ta ce an rufe musu wurin, yana zaune. Sannan ta ce, "Ka sa shi a namu. Ko marar aikin ne, mu muka haife shi." Ya duba wayarsa sama da ƙasa, kuma na ga da gaske yake nema, ya ce wallahi babu gurbin da zai sa ka. Ta ce to wayar tasa ce ƙarama.

A nan ne wata magana taka ta faɗo min. Ka tuna ka gaya min ofishin naku ya tura ka kwas na koyon tuƙa motar ɗaga kaya, har kana dariya kana cewa yanzu a takardarsu kai ɗalibi ne, sun cire ka daga jerin marasa aiki sai ka gama? To ka duba min wannan, Malam Lissafi. Shida ɗin can ba ka ciki, biyar ɗin nan ba ka ciki. Wata da watanni kana ɗora lambobi biyu a kan sikeli kana auna inda ya fi maka, alhali ko ɗaya ba ta san da zamanka ba. Ban faɗi haka don in ci ka da gardama ba, abin tausayi ya ba ni. Na ga ƙanena a tsakanin ƙasa biyu, kowacce tana cewa na waccan ne.

Wuri ɗaya na sani da ba a taɓa cire ka daga lissafi ba. Har yau in zan auna abin da za a dafa, sai Inna ta ce in ƙara hannu ɗaya, kuma a zuba a kwanon nan naka mai shuɗin murfi da ya lotsa a gefe. In dare bai kawo ka ba, da safe a ba wa wanda Allah Ya ciyar. Na yi mita har na gaji, na ce Inna abin nan fa tsada yake, matar da take tsiyaye kwalbar mai ta ce wannan ba ɓarna ba ce. Ranar mai ƙidayar ne ya ci rabonka. Ya so ya ƙi, ta ce tunda ya ci mata gani ai sai ya haɗa da abincin. Yana ci yana gaya mana shi ma ya gama jami'a da daɗewa, aikin nan na ɗan lokaci ne, wata yana ƙarewa zai koma zaman jira, amma a wannan makon dai shi ma yana cikin masu aiki. Da zai tafi har ya sa takalmi, ya sake cirewa ya koma ya durƙusa a gabanta ya yi mata sallama, ta sa masa albarka ido a rufe.

Da yamma ta kira ni ɗaki ta tambaye ni ko ta daɗe tana kallonsa. Na ce a'a, ɗan kaɗan ne. Ta ce ƙarya nake, ita ta san ta yi asara mai yawa, ta ji a jikinta. Sannan ta ce daga yau ba za ta ƙara buɗewa don murya ba, tunda ashe murya tana da masu kama.

Yanzu bari in gaya maka nawa, don ni ma mutum ce. Ina kewarka, Auta, kewa mai ciwo. In na wuce shagon Kawu na ga kujerar da kake zama kana miƙa masa sukudireba, sai in kawar da kai. Amma ina kuma jin haushinka, kuma gara ka ji daga bakina. Ni ce a gabanta safe da yamma, ni nake ɗiga mata magani, ni nake yanke mata farce, amma rabon da uwata ta dube ni tun watan jiya. Na yi sabon ɗinki na tsaya a gabanta kamar ƙaramar yarinya, ta shafa ta ce yadin yana da laushi. Ni na san abin da likita ya faɗa gaskiya ne, ajiyar nan ba ta ajiye komai, kullum ganin raguwa yake a bayan fatar idon. Fuskata da ta jikokinta take hana kanta don ta tara maka abin da ba ya taruwa. In ka zo a kan lokaci, to ba a yi asarar banza ba. In ba ka zo ba, ranar da za ta buɗe ta tarar babu komai, ban san da wane baki zan yi mata magana ba.

Ga abin da nake roƙonka. Ka je ofishin nan naku, ba ranar da suka sa maka ba, gobe. Ka taɓa gaya min suna ba mutum 'yan kwanaki ya je gida in mahaifi ko mahaifiya ta rasu, ba tare da sun yanke masa komai ba. To ka ce musu kana son naka kwanakin tun yanzu. Ka ce su ba ka su tana da rai tana da ido, ka yafe musu na ranar rasuwar, mu nan za mu iya da wannan. Na sa takardar likita a cikin ambulan ɗin, ka nuna musu. Su ma ai uwa ce ta haife su, ba mamaki a samu mai ji.

In kuma suka ƙi, ba zan ce maka ka yi watsi da komai ba kamar ban san nauyinsa ba. Na san abin da za ka rasa: abin hannun, da ɗakin, da kwas ɗin, wataƙila ma da hanyar komawa. Na san a nan ba wanda zai aiko maka da ko sisi don kana zaune. Tallafin da muke da shi ka san shi, keken ɗinkina ne, da bencin Baban yara in kana son hira, da shagon Kawu wanda yake buƙatar hannun da ba ya rawa ko da mai shi ba zai taɓa furtawa ba. A jerinka na ƙasashe mu ne na ƙarshe, ban musa ba. Sai dai mu ba ma tambayar mutum inda ya nema aka hana shi, kuma ba ma yanke wa kowa don ya yi tafiya, ga kwanonka shaida. Kai za ka auna, kai ne mai lissafi, ni dai na gaya maka abin da ke ɗaya gefen sikelin.

Kuma kada ka tsaya haɗa tsaraba, don na san rabin abin da yake riƙe ka ke nan, kunyar ka sauka hannu rabbana bayan shekarun nan. Ba wanda yake jiran akwati. In ka rame ka zo da ramarka, in furfura ta fito ka zo da ita, ita ma Inna tana so ta gani.

Kawu yana gaishe ka, ya ce in gaya maka har yau ba wanda ya iya naɗin waya kamarka, amma kada kanka ya kumbura. Gwaggo tana gaishe ka da addu'a mai yawa, ɗanta ma ya ce a miƙa. Baban yara ya ce ma'aikacin gwamnati yana gaida ɗalibi. Yara duk suna gaida kawunsu, Barkono ta ce ta ajiye zanen, in ka zo Inna ta buɗe ido sai ta yi maza ta nuna mata. Ka gaida min abokin ɗakinka direban bas, ka ce na gode da jinyar da ya yi maka lokacin da ka kwanta, da dattijuwar nan mai shagon ƙasan benenku da ka ce tana tambayarka in ba ta gan ka ba. Allah Ya saka musu da alheri.

Na karanta wa Inna takardar nan, ban da wurin da na yi mita da abin da likita ya faɗa min a waje. Na ce ko tana da saƙo, ta ce abu ɗaya ne. In ka iso, sallama kaɗai ba za ta wadatar ba, an riga an cuce ta sau ɗaya. Ka zo gabanta ka durƙusa ka miƙa mata hannunka na hagu, ta laluba babban yatsan nan, inda ƙarfen narka dalma na Kawu ya ƙone ka kana yaro. In ta ji tabon, za ta buɗe.

Ka yi sauri, Auta, a samu abin da za a buɗe.

Taka har kullum,
Yayarka